Siton da Ƙuda Ba Ya Shiga

Shafi na 23

Da sunan Allah. Masu turo mini saƙo cewa in sassauta wa Mahamat, ku yi haƙuri, ba ni na ɗaure shi ba. Mai raunin zuciya ya tsallake wannan shafin.

*

Mari na uku ne ya fasa masa leɓe.

Mahamat Adum ya tofar da jini tsakanin ƙafafunsa. Hannayensa na ɗaure ta baya a jikin ginshiƙin ƙarfe, da irin igiyar da shi kansa yake ɗaure kwalayen banda da ita. Tun ƙarfe sha ɗaya aka tare shi a hanyar masallaci, aka cusa shi a keke napep, aka kawo shi wannan siton da ke lungu a bayan Umarari. Juma'ar yau ta wuce shi.

Alhaji Kashim, mai siton, shi kam ba ta wuce shi ba. Daga sahun farko ya taho, da farar babbar riga da ƙamshin turare. Ya zauna a kujerar roba kusa da ƙofa, ya toshe hanci da hankici, don warin da ke cikin siton yana hawa kai.

"Hashim, sake kunna masa. Wataƙila ya manta muryarsa."

Hashim ɗan ƙanwar Alhaji ne, shi ke kula da sito. Ya goge hannun da ya yi marin a wando, ya ciro waya, ya manna ta a fuskar Mahamat.

Bidiyon nan ne dai da ya zagaye gari tun ranar Talata. Wata ɗaliba mai suna Siddiƙa ke bin baƙi mazauna Maiduguri tana tambayarsu yadda suka ga zaman garin. Ta yi da wani makanike ɗan Kamaru, ta yi da wani Basudane mai turare, ba wanda ya kula. Na Mahamat ne ya tashi.

Muryar yarinyar ta fito daga wayar.

"Baba, daga wace ƙasa?"

"Chadi. Garin Bol, bakin tafki."

"Shekara nawa a nan?"

"Sha huɗu."

"Yaya ka ga zaman?"

"Alhamdu lillahi. Zafin irin namu ne, bai dame ni ba. Mutanen nan sun iya gaisuwa, mutum ya tsare ka da wushe, wushe, har ka manta inda za ka. Na ci abincinsu, na auri 'yarsu. Amma har yau sunana ɗan Chadi. In an yi sata a layi, ƙofata ake fara kallo. In zan je ganin uwata kuwa, kowane shingen jami'an tsaro sai na sauka na nuna takarda, kamar fuskata na canzawa tsakanin shinge da shinge."

Aka ji dariyar yarinyar.

"To me ya fi ba ka mamaki a nan?"

Mahamat na cikin wayar ya kalli ƙasa.

"A garinmu, inda kifi yake nan ƙuda yake. Uwata wuni take da mafici a kan nata. Amma inda nake aiki, kwali ya fi ɗari huɗu, ba ƙuda ko ɗaya. Ɓera in ya shiga, gawarsa muke sharewa. 'Yata, in kin ga banda yana sheƙi, ƙuda na kewaya shi ba ya sauka, kar ki saya wa uwarki."

Hashim ya kashe wayar.

Mahamat bai ambaci sunan kowa ba a bidiyon. Kuskurensa ɗaya ne: a bakin siton ya tsaya, shuɗin ƙyauren nan yana bayansa, kuma duk ɗan kasuwar kifi ya san ƙyauren wa ne. Da ma shugabannin kasuwar Baga Road sun daɗe da hana zuba wa kifi fiya-fiya, maganin nan na kashe ƙwari, shi ya sa Alhaji ya kwashe kayansa ya kawo lungu inda ba mai leƙo shi.

"Mota biyu aka juyo mini da su daga hanyar kudu," in ji Alhaji a hankali. "Mutanen da muka shekara ashirin muna hulɗa ba sa ɗaga wayata. Saboda wa? Saboda mai ɗaure kwali. Wa ya ba ka aiki lokacin da kake kwana a tasha?"

"Kai ne, Alhaji."

"Wa ya tsaya maka a wurin neman aure?"

"Kai ne."

"To na yi maka sharri?"

Mahamat ya kawar da kai.

Hashim ya ɗauki guntun bel ɗin injin niƙa da ke rataye a bango, ya zuba masa a kafaɗa. Rigar ta tsage.

"Kawu na magana kana shiru? Ɗan gudun hijira kawai!"

"Ni ba gudu na yi ba. Da ƙafata na zo, da takardata."

"Takardarka ta cece ka yau mu gani."

Ya ƙara masa biyu a haƙarƙari. Mahamat ya lanƙwashe iyakar inda igiya ta bar shi, numfashinsa na fita da ƙyar.

Alhaji ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Kar ka taɓa fuskar kuma, muna buƙatarta."

Ya miƙa wa Hashim mukullin mota. Hashim ya fita, ya dawo da Alƙur'ani a naɗe cikin koren ƙyalle, ya ɗora a kan kwali. Ku duba wannan rashin kunya. Mutum ya zuba wa abincin mutane guba da safe, da rana ya ɗauko Littafin Allah ya ɗora a kan gubar don ya wanke ƙaryarsa.

"Abu mai sauƙi ne," in ji Alhaji. "Za ka dafa, Hashim zai ɗauka a waya. Ka ce ƙarya ka yi. Ka ce abokan gabana ne suka sa ka. Daga nan ka tafi unguwarku Ajilari wurin matarka, gobe ka dawo aikinka, magana ta mutu."

"In ban yi ba fa?"

"Kai baƙo ne, Mahamat. Kuma daga tafki ka fito. Kalma ɗaya zan faɗa a bakin ƙofar nan. Ka san kalmar, ka san garin da kake."

Ya sani. A garin da aka binne mutane da yawa saboda mutanen daji, duk wanda aka nuna aka ce shi ke kai musu labari, ba ya kaiwa ofishin 'yan sanda da ƙafarsa.

Mahamat ya haɗiye yawu mai gishirin jini.

"Ba ni da alwala."

Hashim ya yi dariya.

"Ji malam! A kawo wa Shehi buta, Kawu?"

"Kwance shi. Ba shi ruwa."

Igiyar ta ci wuyan hannunsa har ta shiga nama. Ya durƙusa, ya ɗauki butar da hannu biyu don ɗaya ba ya riƙewa. Ya kurkure baki, ruwan ya fito ja. Ya sake, ya fito ja. Ya yi alwalarsa a natse, gaɓa bayan gaɓa, kamar ba kowa a wurin.

"Yi sauri, ba wankan gawa ba ne," in ji Hashim.

Mahamat ya miƙe yana dafa ginshiƙi. Ya zo gaban kwalin. Ya ɗora hannun dama a kan Littafin.

Hashim ya saita waya.

"Na kunna. Fara da sunanka."

"Sunana Mahamat Adum. Na rantse da wanda ya saukar da wannan Littafi."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya jingina da kujera.

"Ina da 'ya sunanta Mu'mina. Shekararta huɗu."

"Ba wannan aka ce ka faɗa ba," in ji Hashim.

"A siton nan, duk ranar Alhamis ake shara. Ɓurɓushin kifin da ya zube a ƙasa na masu ɗaure kwali ne, haka muka tarar ana yi. Nakan cika leda in kai wa matata Zainaba ta sa a miyar kuka. Mu'mina ba ta jiran miya. Da ta ji motsina a ƙofa take rugowa, ta ce Abba ledata, ta zauna a dakali tana tsinta tana ci."

"Hashim, kashe wayar nan."

"Ranar sha ɗaya ga watan azumi ta ci. Kafin la'asar kumfa na fita a bakinta, jikinta na karkarwa. Ma'aikaciyar asibiti ta buɗe idonta ta duba, ta tambaye ni, kuna ajiye fiya-fiya a gida? Na ce wallahi ko na sauro ba mu da shi. Kafin a sha ruwa ta cika."

"Na ce ka kashe!"

"Juma'ar da ta biyo baya ban je masallaci ba. Na kwanta a bayan kwalayen can. Na ga Hashim ya kulle ƙofa, ya ɗaure fuska da rawani, ya goya tankin feshi. Kwali kwali yake buɗewa."

Ya juyo ya kalli Alhaji, hannunsa na nan a kan Littafin.

"Ka zo mini ta'aziyya, Alhaji. Ka kawo buhun shinkafa da jarkar mai. Na ce a raina, mutum mai kifi kwali ɗari huɗu, ko jela ɗaya bai kawo wa masu zaman makoki ba? A lokacin ban gane ba. Kai ka sani. Tun a ranar ka sani."

Hashim ya jefar da wayar ya kai masa naushi a kunne. Mahamat ya faɗi, kansa ya bugu da bakin kwali. Hashim ya hau shi da ƙafa, ciki, baya, cinya, yana zagi da Kanuri yana komawa Hausa.

"Ni za ka kira suna? Ni? Uban wa ya ce ka ba 'yarka shara?"

Wannan ita ce maganar mutumin banza. Ya kashe yarinya, kuma laifin na uban da ya kai mata abin da aka ce halalinsa ne.

Alhaji ya tashi. Ya ɗauki Alƙur'anin da kansa, ya naɗe, ya ajiye a kan kujera. Ya tsinci wayar, ya goge abin da aka ɗauka.

"Na ba ka ƙofa ka ƙi. Ina wayarsa?"

Hashim ya laluba aljihun Mahamat, ya ciro wata ƙaramar waya mai fasasshen gilashi.

"Buɗe ƙyauren," in ji Alhaji. "Duka biyun."

Hasken rana ya faɗo cikin siton. Layin cike yake, mutane na dawowa daga masallaci da dardumarsu a kafaɗa, masu keke na lodi a bakin kwalbati. Hashim ya jawo Mahamat ta ƙafa har tsakiyar titi, ya buɗe murya.

"Jama'a! Infoma! Mun kama infoma! Shi ke kai wa mutanen daji labari!"

Layin ya tsaya cak. Sannan ya taso gaba ɗaya.

"Ina yake?"

"Wa ye?"

"Ɗan Chadin nan ne mai ɗaure kwali!"

Hashim ya ɗaga ƙaramar wayar sama.

"Ku duba da idonku! Duk lambobin ƙasar waje ne! Kullum yana lungu yana magana da Larabci!"

Wani mai jar hula ya karɓa ya duba.

"Wallahi gaskiya ne. Ba ta Nijeriya ba ce ko ɗaya a nan sama."

"Ta uwata ce," in ji Mahamat daga ƙasa. "Da ta wana. Ku kira ku ji."

Ba wanda ya kira. Dutse na farko ya same shi a goshi, fatar ta buɗe, jini ya rufe masa ido ɗaya. Wani ya sauke masa katako a gadon baya. Wani da ko sunansa bai sani ba ya cire takalmi yana dukansa a ka yana kuka, yana kiran sunan ƙanensa da aka kashe a hanyar gona. Zafin da ke ransa gaskiya ne, ban musa ba. Amma wanda ke ƙarƙashin takalminsa ba shi ya kashe masa ƙane ba, kuma bai tsaya ya tambaya ba. Mutanen nan ko awa ɗaya ba su yi da jin huɗuba ba.

"A kawo taya!"

Aka gangaro da tsohuwar tayar keke daga wurin mai faci. Hashim da kansa ya ruga teburin mai sayar da fetur, ya fizgo galan, ya dawo yana kwance murfin.

"Ku matsa! Na ce ku matsa, ko in ƙona mutum!"

Muryar mace ce. Mama Ketura ce, 'yar Biu mai sayar da shinkafa da wake a gefen siton. Ta ratso taron da tukunyar tafasasshen ruwa a hannu, tururi na tashi. Mutane suka dare. Ta tsaya a kan Mahamat, ƙafa ɗaya nan ɗaya can.

"Mama, ki fita, ba ruwanki," in ji mai jar hula.

"Da ruwana, ga shi a hannuna, kuma da zafinsa. Shekara uku mutumin nan yana cin abinci a teburina. Ranar da aka binne 'yarsa ina gidan. Kai Hashim, yaushe ya zama infoma? Kafin bidiyo ko bayan bidiyo?"

"Wane bidiyo?" wani ya tambaya daga baya.

"Na kifi! Shi ne mutumin da ya yi maganar ƙuda!"

Surutu ya canza. Wasu suka fara ciro wayoyinsu.

Alhaji Kashim ya fito bakin ƙofa, ya ɗaga hannu biyu, murya a sanyaye kamar mai wa'azi.

"Jama'a, kun san ni. Ni na gina rijiyar layin nan. Bidiyon ma aikinsu ne, so suke su kashe kasuwancin garinmu mu rasa abin ci. Wannan baiwar Allah tausayi ne ke damunta, ba ta san komai ba."

"Gaskiya ne!"

"A ƙone shi!"

Wani ya fizgi zanen Mama Ketura ta baya, tukunyar ta kife, ruwan ya zube a ƙasa. Aka ture ta gefe. Aka ɗaga Mahamat, aka zura masa tayar a wuya. Hashim ya tuttula masa fetur a ka, ya gangaro ya shiga raunin goshinsa. Mahamat ya yi ƙara, irin ƙarar da ba a so a ji daga bakin babban mutum.

"Wa ke da ashana?"

"Ku dakata!" Mahamat ya ɗaga hannu, yatsu biyu a karye. "Magana ɗaya. Ko ɗan akuya ana ba shi ruwa kafin yanka."

"Bar shi ya yi shahada," in ji wani dattijo mai carbi.

"Na yi shahadata tun a ciki, Baba. Roƙo ne. Ku shiga siton nan, hannun hagu, layin farko. Ku ɗauko kwali ɗaya. Alhaji ya ci kifi ɗaya a gabanku. Ɗaya tak. In ya cinye, kalas, shi ke nan, ni da kaina zan ƙyasta ashanar."



Dattijon ya kalli Alhaji.

"Wannan ai ba wuya, Alhaji. Kifinka ne."

"Ni zan tsaya ina wasa da infoma?"

"Ba wasa ba ne, rai ne. Ku ɗauko."

Mama Ketura ba ta jira kowa ba. Ta shige siton tana ɗingishi, ta jawo kwali har bakin ƙofa, ta tsinke igiyar da wuƙar yanka albasa. Da ta buɗe, na kusa suka ja baya suna toshe hanci. Na safiyar yau ne, maganin ko bushewa bai yi ba. Damina ce, tsutsa ta yi yawa, Hashim ya ninka awo.

Ta zaro tarwaɗa guda, baƙa, naɗaɗɗiya, tana sheƙi. Ta kamo hannun Alhaji, ta danƙa masa.

"Bismillah, Alhaji. Ko in kawo yaji?"

Ba wanda ya yi dariya.

Alhaji ya kalli kifin. Ya kalli taron. Mutum ya fi ɗari, kuma yanzu ba mai kallon Mahamat. Mai jar hula na riƙe da kwalin ashana, tsinke ɗaya a waje.

Gumi ya gangaro daga ƙarƙashin hular Alhaji. Ya ɗaga kifin har kusa da gemunsa. Ya tsaya.

Sai ya yi murmushi.

"Ni azumin nafila nake yi yau, jama'a. Amma ga ɗana, shi ke kula da kayan, cinsa cina ne."

Ya juya, ya miƙa hannu.

"Hashim. Zo ka ci."

Galan ɗin fetur ya suɓuce daga hannun Hashim.

"Kawu..."

"Ka ci, na ce. Mutane na jira."